Girkin Ganguna da Rabon Murya a Kudancin Katsina

Makaɗin bandi, na coci ne ko na 'yan sanda ko na wani otal a Kaduna, ba ya girka kayansa da garaje. Kujera yake fara daidaitawa, domin daga mazauninsa ake auna komai. Sai babbar gangar da ake takawa da ƙafar dama, sai ganga mai zaga a tsakanin gwiwoyinsa, sai faifan tagulla biyu masu haɗa baki a ƙafar hagu. Daga nan ake zuwa kan gangunan da suke kira tom, waɗanda ba su da zaga, kuma su ne ke cika wa ɗan kallo ido. Ana jera su daga ƙarama zuwa babba, mai faɗin inci 8, da 10, da 12, da 14, har mai 16 da ke tsaye a ƙasa da ƙafafunta, daga hagu zuwa dama in makaɗin ba bahago ba ne. Kowace sai an ɗan karkata fuskarta yadda sanda zai sauka a tsakiya ba tare da an wahalar da kafaɗa ba. Kowace sai an bi kusoshin bakinta da ɗan makulli, a matse wannan, a tsallaka a matse na daura da shi, har fatar ta ɗauru daidai ta kowane gefe. Aiki mafi wuya shi ne raba musu murya: a bar tazara tsakanin kowace da maƙwabciyarta, don kada biyu su faɗi abu ɗaya, kada kuma amon wata ya riƙa tayar da zagar da ba a taɓa ba.

Wannan tsari bai tsufa sosai ba. A Amurka ya taso, lokacin da masu gidajen wasa suka so mutum guda ya yi aikin makaɗa biyu ko uku. William Ludwig ya fito da ingantaccen abin takawa na babbar ganga a 1909, Gene Krupa da kamfanin Slingerland suka yaɗa tom mai ɗauruwa sama da ƙasa a shekarun 1930, fatar roba kuma ta shigo kasuwa wajen 1957. Duk da wannan ci gaba, tom ɗaya murya ɗaya gare ta. Mai son muryoyi goma sai ya sayi ganguna goma, shi ya sa irin su Terry Bozzio suke kewaye kansu da ganguna har da ƙyar ake hango su.

Makaɗi Bahaushe ya gamu da wannan matsala tun kafin a haifi Ludwig, ya kuma warware ta ta hanyoyi biyu da nake ganin sun cancanci a tsaya a kansu, musamman a yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙasar noma da kasuwannin dabbobi, inda sana'a da kiɗa suka daɗe a haɗe.

Hanya ta farko ita ce kalangu. Ice ne mai siririn ƙugu da baki biyu, an rufe kowane baki da fata marar kauri, tsarkiya kuma ta haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, in ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Abin da jeren tom ba zai taɓa yi ba shi ne abin da ke faruwa bayan makaɗi ya riga ya sauka a kan fata: ana iya matsawa ko sakewa sautin yana cikin tafiya, sai ya lanƙwasa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa, ga kuma dogon wasali da gajere. Wannan lanƙwasar ce ta ba kalangu baki. Da ita yake kiran mahauci da takensa a ranar kasuwa, da ita yake zuga ɗan dambe har tsikar jikinsa ta tashi tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Tom takwas za su iya yin gudu daga sama zuwa ƙasa mai daɗin ji, amma ba za su kira sunan kowa ba.

Hanya ta biyu ta fi zurfi, ita ce raba muryoyin ga mutane. Abin da makaɗin bandi yake jerawa a kan ƙarafa, Bahaushe a kan kafaɗun jama'arsa yake jera shi. A rukunin kalangu akwai babba mai magana, wanda shi ke da 'yancin fita ya dawo. Akwai masu bi masa baya da ke riƙe gindin kiɗa. Akwai ɗan karɓi, ƙaramin kalangun da ake ɗaure tsarkiyarsa tam don ya tsaya a kan murya ɗaya mai kaifi. Akwai kuntuku, wadda wasu ke kira kurkutu, 'yar ƙaramar ganga mai baki ɗaya da ake kaɗawa da sanduna biyu, ba ta hawa ba ta sauka, aikinta ta riƙe lokaci kamar yadda murhu ke riƙe tukunya. Mai sauraro ba ya cika lura da ita sai ranar da ta yi shiru.

Ba sai an je nesa ba wajen neman misali. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, a Funtuwa ya kafa gidansa, maƙwabciyar Faskari, kafin rasuwarsa a 1999. An yi rubutu mai yawa a kan baitocinsa, Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba shi digirin girmamawa a 1988, amma ba a cika tambayar abin da ya ba shi damar ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a ba. Amsar tana bayansa. Makaɗansa su ne 'yan amshinsa, hannu yana kiɗa baki yana karɓi, kuma sun shimfiɗa masa kiɗan da ba ya gocewa, har yana iya yin shiru ya yi tunani, ya dawo ya tarar da wurin shigarsa yana nan. Duk wanda ya saurari tsofaffin faya-fayansa da kunnen basira zai ji kalangai ba sa taka juna. Kowane ya san gurbinsa, kuma wannan sanin gurbi shi ne ainihin girkin kayan kiɗa a wurinmu. Ba ranar wasa ake yin sa ba, shekaru ake ɗauka. Yaro a kan ƙaramar ganga yake farawa, ya yi ta maimaita abu guda har kunnensa ya nuna, kafin a yarda ya rataya babba.

Kada a ɗauka jera ganguna a ƙasa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Dundufar maƙera doguwa ce mai baki ɗaya, tana tsaye da 'ya'yanta a gefe. Duman girke ma a ƙasa ake kafa shi. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na mata, wato kiɗan amada, wanda Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, ita ma 'yar ƙasar Funtuwa, ta kai shi ko'ina kafin rasuwarta a 2013. Ana kifa babbar ƙwarya a cikin ruwa, a jera ƙananan ƙore a kife a gefe, kowace da girmanta da muryarta. Iskar da aka tsare a ƙarƙashin ƙwaryar ruwa ita ke ba ta wannan amo mai zurfi, in aka ɗan ɗaga gefenta aka rage ko aka ƙara iskar sai muryar ta sauya. Matan da ke wannan ba su da makulli ba su da kusa, amma ƙa'idar da suke bi ita ce ta mai tom goma: babba a ƙasa, ƙanana a sama, tazara a tsakani.

Kayan fada suna da nasu gyaran. Kotso irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da taushi irin na Jankiɗi, ana liƙa musu nake a tsakiyar fata don a nauyaya ta, murya ta zauna. Fatar dabba kuma tana jin yanayi. Da damina takan saki, sai an shanya ta a rana ko an kara ta kusa da wuta. Da hunturu takan ɗaure har ta yi barazanar fashewa. Makaɗin gayya da ya fito da gangar noma cikin raɓar safiya ya san ba zai sami muryar da yake so ba sai rana ta ɗaga.

Abubuwa biyu ne suka taru a kan wannan ilimi. Na farko fiyano. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ɗakunan haɗa waƙa na Kano suka koma kan na'urar Yamaha, mutum guda ya danna ya fitar da ganga da sarewa da komai. Ba na zargin matasan da suka rungume ta, domin ciyar da makaɗa shida da ɗaukar su a mota ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma sun yi waƙoƙin da jama'a ke so. Sai dai sautin kalangun da aka adana a na'ura daskararre ne, an ɗauke shi a kan murya ɗaya, ba ya lanƙwasa. An mayar da kalangu tom ke nan, an karɓe masa bakinsa.

Na biyu ya fi ciwo. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin waɗanda ta'addancin 'yan bindiga ya fi addaba. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. A 2021 gwamnati ta katse layukan waya a yankin, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Asarar rai da dukiya ita ce babba, babu mai haɗa ta da wani abu. Amma a ƙarƙashinta akwai wata asarar da ba a lissafawa. Kiɗan Hausa a fili ake koyon sa: a rumfar mahauta, a gonar gayya, a dandalin kalankuwa bayan kaka, a filin dambe da dare. Ƙauyen da ya watse ya koma gari, ko wanda ake rufe ƙofa tun magariba, ba shi da wurin da yaro zai tsaya bayan ubansa da kuntuku. Masassaƙin da ke shiga daji neman icen ganga shi ma dajin ya gagare shi. Kayan bandi ana iya sayo su a kwali, da takardar da ke nuna inda kowace kusa za ta shiga. Rukunin kalangu ba shi da takarda, in mutanen suka rabu shi ke nan.

Haɗa tsarin biyu ba gagara ba ne. Ƙungiyar Tal National ta Yamai tana kafa cikakken jeren gangunan bandi, ta kuma tsayar da mai kalangu a gefensa, jeren yana riƙe gudu, kalangu yana magana. Tony Allen, wanda ya gina kiɗan Fela Kuti, bai taɓa buƙatar tulin ganguna ba; gaɓoɓinsa huɗu ya mayar makaɗa huɗu, kowace da nata zance, wanda tunani ne irin na rukunin gargajiya a jikin mutum guda.

Inda nake ganin gyara ya fi sauƙi shi ne wurin manazarta. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a Zariya da Katsina, suka buga a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa a kan makaɗa da tarihinsu. Amma yawancin kundayen ɗalibai har yau baitoci suke rubutawa, su fitar da jigo da salo, kiɗan kuwa a sallame shi da layi ɗaya, a ce mawaƙin yana amfani da kalangu. Kalangu nawa? Wanne ke shiga farko? Wace tazara ce tsakanin babba da ɗan karɓi, kuma wa ke yanke hukuncin cewa ta yi? Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma duk suna cikin jihar Katsina, kuma tsofaffin makaɗan da rikici ya koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa ba su yi nisa ba, a garuruwa irin su Funtuwa ake samun irinsu. Ɗalibi da wayar hannu zai iya zaunar da rukuni guda, ya sa kowane makaɗi ya kaɗa nasa kason shi kaɗai a ɗauka, sannan su haɗu a sake ɗauka, ya tambayi sunan kowane take da mai shi, da wanda ya sassaƙa icen, da wanda ya rufa fatar.