Kewar Tsofaffin Shagunan Kayan Soja: Sharhi a Kan Fim ɗin Atomic Ed & the Black Hole

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai wani irin tuna bara da ya yawaita a bakin dattawan Amurka masu sha'awar haɗa rediyo da gyaran na'urori, wato kewar shagunan da suke sayar da rarar kayan soja da tsofaffin kayan gyara. Labarin nasu kusan iri ɗaya ne. Yaro ya shiga shago da 'yan kuɗin kashewarsa, ya yi ta tona kwalaye masu ƙura, ya fito da mita ko kwan rediyo ko wani ƙarfen da bai san sunansa ba, daga nan ya kama hanyar zama injiniya. Ba mu musa wannan kewa ba. Amma muna ganin rabin labari take bayarwa, kuma wani ɗan gajeren fim da Ellen Spiro ta shirya a farkon shekarun 2000, mai suna Atomic Ed & the Black Hole, ya kawo ɗaya rabin.

Kafin mu shiga fim ɗin, ya kamata a san inda shagunan suka samo asali. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, gwamnatin Amurka ta wayi gari da tulin kayan da ba ta da abin yi da su: rediyon jiragen yaƙi, janareto, tantuna, takalma, wayoyi da kwayayen rediyo. Tun a 1944 aka yi dokar sayar da rarar, a 1946 kuma aka kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. 'Yan kasuwa suka riƙa saye a gwanjo, sau da yawa kan farashin da bai kai ko kusa da kuɗin ƙera kayan ba. A birnin New York kayan suka cika unguwar da ake kira Radio Row, a kewayen titin Cortlandt, inda ake cinikin rediyo tun shekarun 1920. A Tokyo ma, kasuwar kayan lantarki ta Akihabara ta taso ne daga 'yan tebur masu sayar da kayan rediyo bayan yaƙin.

Fim ɗin Spiro ba ƙagaggen labari ba ne, kuma bai kai awa ɗaya ba. Yana bin wani dattijo ne, Ed Grothus, a garin Los Alamos na jihar New Mexico, garin da aka ƙera bama-baman da aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Grothus ya kama aiki a cibiyar binciken makaman a 1949, yana sarrafa injin sassaƙa ƙarfe, ya yi shekara 20 a can. A 1969, ana tsakiyar yaƙin Vietnam, ya ajiye aikin saboda zuciyarsa ta ƙi. Ya koma sayen tarkacen da cibiyar ke fitarwa gwanjo, yana jibge su a wani tsohon kanti da ya zama shagonsa. Sunan shagon Black Hole, wato baƙin ramin nan na sararin samaniya da ke haɗiye duk abin da ya kusance shi. Raha ce ta mai shagon, domin abin da ke shiga ya fi abin da ke fita yawa nesa ba kusa ba.

Wanda ya kalli Oppenheimer na Christopher Nolan, wanda ya fito a 2023, ya ga Los Alamos daga sama: manyan masana, janar-janar, zaman majalisa, da nadamar babban mutum. Spiro ta shiga garin ta ƙofar baya, wurin da ake zubar da shara. Babban abin da ya burge mu ke nan. Mai kallo ba ya buƙatar a karanta masa lissafin kuɗin da aka kashe a tseren makamai. Layin kantoci cike da na'urorin awo, da kwamfutocin da zamaninsu ya wuce, da kwankon bama-baman da babu komai a cikinsu, sun isa shaida. Kowane ɗaya an saye shi da kuɗin haraji, an yi amfani da shi ko ba a yi ba, an jefar.

A nan ne fim ɗin ya sha gaban masu kewa. Su suna tuna araha, ba sa tambayar abin da ya kawo arahar. Rediyon da yaro ya saya da kuɗin alewa an ƙera ta ne domin jirgin da zai kai bam kan wani gari. Mutuwar wani tashin wani. Grothus kuwa bai yarda a manta ba, domin hannunsa na cikin aikin. Yana sayar da tarkacen yana kuma wa'azi a kansa. Ya sayi wani tsohon coci kusa da shagon ya mai da shi wurin huɗubar ƙin makaman ƙare-dangi. A zamanin Bill Clinton ya taɓa aika gwangwanin abinci zuwa fadar shugaban ƙasa, ya manna masa takardar da ke cewa sinadarin fulutoniyam ne a ciki, abin da ya sa jami'an tsaro suka zo har gida. A garin da kusan kowa ke cin abinci daga cibiyar, irin wannan hali ba ya ƙara wa mutum farin jini.

Duk da haka muna da ƙorafi biyu. Na farko, dariya ta yi wa fim ɗin yawa. Grothus mutum ne mai barkwanci, kyamara kuma tana son irinsa. Haɗarin shi ne mai kallo ya tashi yana cewa ya ga wani tsoho mai ban dariya, ya ajiye maganarsa a gefe kamar yadda maƙwabtansa da yawa suka ajiye. Waɗanda aikin nukiliya ya taɓa lafiyarsu a wannan yanki, kamar mazauna kusa da filin gwajin Trinity na ranar 16 ga Yulin 1945 da 'yan ƙabilar Navajo masu haƙar yuraniyom, ba su ne a tsakiyar labarin ba. Spiro ta iya ɗaukar abu mai nauyi, ta nuna haka daga baya a Body of War na 2007, wanda ta shirya tare da Phil Donahue kan wani sojan da yaƙin Iraƙi ya nakasa. A nan dai ta zaɓi sauƙi.

Na biyu ya fi damun mu. Fim ɗin ya karɓi burin Grothus na ganin wurin ya zama gidan tarihi, ya gina labarinsa a kai. Mu kuwa muna ganin darajar wurin tana cikin zamansa shago. A gidan tarihi kaya na bayan gilashi, an rubuta kar a taɓa. A shago mutum yana ɗauka, ya jujjuya, ya yi ciniki, ya kai gida ya kwance, ya ɓata, ya koyi wani abu. A wannan gaɓar masu kewa sun fi fim ɗin gaskiya. Abin da suka rasa shi ne kayan da araharsu ta sa ba a tsoron lalata su, da kuma mai shagon da zai dubi abin da ke hannunka ya gaya maka daga wane inji ya fito da abin da zai iya maye gurbinsa. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a kan mutum yake.

Dalilan mutuwar shagunan ba ɓoyayyu ba ne. An rushe Radio Row a 1966 domin gina tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Tiransista ta kori kwan rediyo, sannan ƙananan kayan da inji ke mannawa a kan allo suka sa gyara ya fi sayen sabo wahala. Da eBay ta zo a 1995, mai neman tsohon kaya ya daina tona kwali, sai dai ya rubuta sunan abin da ya riga ya sani. Kuɗin fili ma ya yi nasa aikin: shagon WeirdStuff na garin Sunnyvale a California ya rufe a 2018 bayan Google ta sayi ginin. Shi kuwa Grothus ya rasu a 2009, shagonsa ya rufe a 2012, aka sayar da kayan suka watse. Gidan tarihin bai tabbata ba. Manyan ginshiƙan dutse biyu da ya sa aka sassaƙa masa domin gargaɗin na baya, ya mutu ba a kafa su ba. Fim ɗin yana cikin abubuwan da suka rage wa mai son ganin yadda cikin shagon yake, kuma wannan ya ƙara masa nauyin da ba shi da shi ranar da ya fito.

Mun kalli wannan labari muna tunanin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, da tsofaffin masu gyaran rediyo da ke zaune cikin tulin matattun akwatuna suna ciro rai daga wannan su sa wa wancan. Nasu kayan ba daga cibiyar bam suka fito ba, amma ilimin iri ɗaya ne, kuma shi ma a kai yake. Labaranmu na ƙirƙira sun cika da falo da ofis da jami'a, ba kasafai muke cin karo da bakanike ko ɗan gwangwan a matsayin jigon labari ba. Spiro ta je da kyamararta tun mai shagon yana da rai yana magana. Namu dattawan suna nan a rumfunansu yau, kuma wanda ya je da littafi da biro zai same su.