Zambo da Waƙar Adawa: Kiɗan Pank a Matsayin Ma'auni

A nazarin waƙar baka an saba kawo zambo a matsayin hujjar cewa makaɗin Hausa yana ja da masu mulki. Wannan hukunci yana bukatar a sake auna shi, kuma wani kiɗa na nesa, wato pank mai tsauri na matasan Amurka, zai yi amfani wajen awon.

An kafa ƙungiyar Dead Kennedys a San Faransisko a 1978. Faifanta na farko, na 1979, ba'a ce ga gwamnan Kalifoniya, Jerry Brown. Mawaƙinta, Jello Biafra, ya ari bakin gwamnan yana magana da muryarsa, har ya mai da shi ɗan kama-karya. Kiɗan kansa gaggawa ne da hayaniya, da ƙyar ake tsintar kalmomin. Abin lura shi ne da kansu suka kafa kamfanin faifansu, Alternative Tentacles, saboda haka abincinsu ba ya hannun wanda suke zaga.

A nan bambancin yake. A fadar Sarkin Gobir ta Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, kamar sauran fadojin ƙasar Hausa, makaɗin fada yana da ubangida, wanda ke ba shi riga da doki da hatsi. Zambonsa kan sauka ne a kan ɗan sarki mai haƙon gadon sarauta, ko bafaden da ya yi rowa. Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ba a ja da kaifin harshensa. Amma duk wanda ya saurare shi da kyau zai ji cewa karagar yake tsaro. Kiran irin wannan zambo waƙar adawa kuskure ne, komai daɗin sa.

Inda aka fi kusantar dabarar Biafra shi ne wajen waɗanda ba su da fada. Ɗankama yakan ari muryar malami mai wa'azi, ya juya karatun zuwa batun tuwo da miya. A wasan kara na Damagaram matasa sukan kwaikwayi manyan gwamnati, da tufafinsu da takunsu. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa. Sai dai a Nijar filin ambaton suna bai daɗe a buɗe ba: an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, sa'an nan bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 aka sa waƙoƙin samariya kan hanyar yabon ayyukan ci gaba. Wanda ke da ƙorafi sai ya fake da habaici.

Habaici kuwa mai wuyar rubutawa ne. Ba ya kama suna. Masu sauraro ne suka san da wa ake, domin sun san wanda ya karɓi haraji a garin da wanda ya raba hatsin agaji. In an ɗebe shi daga dandali aka sa cikin littafin yaƙi da jahilci, sai ya koma zance kan kura da akuya. Ga kuma matsalar karin harshe. Mutanen Agye da Gazawa Katsinanci suke yi, na Tsibiri Gobiranci; mai rubutawa da ya gyara "rigas sarki" ta zama "rigar sarki" zai iya ɓata amon baiti bai sani ba.

Saboda haka mai tattara waƙoƙin waɗannan gundumomi ya kamata ya rubuta su da karin da aka yi su, ya kuma haɗa kowace da bayani uku: shekarar da aka yi ta, wurin da aka rera ta, da wanda ke ɗaukar nauyin mawaƙin. Bayani na ukun shi masu bincike suka fi tsallakewa.