Mun Ga Ingila, Ba Mu Ga Zariya Ba

Jama'a, cikin 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga shi cikin 1944. Abin da ya ɗaukaka littafin nan shi ne, abin da marubucin ya gani yakan tsaya ya bayyana shi filla-filla, har mai karatu ya ji kamar da shi aka je.

To, ina mai yi wa Zariya haka? Yawancin masu rubutu a kanta kirari suke yi. Su jera Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, shi ke nan. Kirari kuwa ba ya nuna wa baƙo hanya. Saboda haka mutumin Taba ko Maƙarfi yakan kawo rake ya sayar, ya zaga kantunan Sabon Gari, ya koma gida yana cewa ya ga Zariya. Alhali kuwa Sabon Gari ɗan jiya ne, zuwan jirgin ƙasa ya haife shi.

Ba wanda ya aike shi cikin birni ya dubi Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarim, ya ga yadda bakan gizo ke ɗauke da rufi. Cikin shekarun 1970 aka rushe wani sashensa, aka lulluɓe saura da sabon gini. Abin da ba a bayyana darajarsa ba, rushe shi ba wuya.

Malamai, ku ɗauki alƙalami tun da sauran abin gani. Allah ya sa mu gane.