Jigon Zumuncin Zaman Tare a Ƙagaggen Labarin Howl's Moving Castle

1.0 Gabatarwa

Marubuciyar Birtaniya Diana Wynne Jones (1934-2011) ta fitar da wannan littafi a 1986, kuma Hayao Miyazaki na Japan ya mayar da shi fim a 2004. Tambayar da kan taso idan masu karatu suka zauna tattauna shi ita ce: shin labarin ya fifita bare a kan dangi na jini? Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa ba haka al'amarin yake ba.

2.0 Warwarar Jigo

Tauraruwar labarin, Sophie, ita ce babba cikin 'yan mata uku a ƙasar Ingary, inda aka yi imani cewa ɗan fari ba ya dacewa idan ya fita neman arziki. Wannan ƙa'ida ce ta tatsuniya da Bahaushe ya sani, domin a tatsuniyoyinsa auta ne kan yi nasara. Bayan wata matsafiya ta mayar da ita tsohuwa, sai Sophie ta kutsa gidan boka Howl, gida mai tafiya, ta naɗa kanta mai shara. A nan ta tarar da Michael, maraya mai koyon tsafi, da Calcifer, aljanin murhu da ke riƙe da zuciyar Howl bisa wata yarjejeniya. Babu mai haɗa jini da wani. Abin da ya ɗaure su shi ne girki da ɗinki da saɓani irin na harshe da haƙori. Babbar hujja ita ce Calcifer: da aka warware yarjejeniyar ya sami 'yanci, ya tafi, amma ya komo don kansa.

Sai dai marubuciyar ba ta yasar da dangi ba. Fanny, matar uban Sophie, wadda aka zarga da ci da guminta, ta bayyana a ƙarshe mai ƙauna, saɓanin muguwar kishiyar uwa ta tatsuniya. Howl kuwa, duk da gorin da 'yar'uwarsa Megan ke yi masa a Wales, ya ruga ceton iyalinta da matsafiyar ta kai musu hari.

3.0 Kammalawa

Raunin littafin yana ga zubinsa, domin an cunkusa warwarar ƙulle-ƙulle da dama a babin ƙarshe. Duk da haka jigon ya fito fili: jini da zaɓi duk sai an yi musu hidima, wato zumunta a ƙafa take.