Wa Ke Ƙirga Tangarɗa? Sharhi a kan Alƙaluman Illar Leƙen Ciki da Na'ura

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna alƙaluman da likitoci ke kafa hujja da su a kan illar endoskofi, watau zura bututu mai fitila ta baki ko ta dubura domin duban tumbi da hanji. Illolin da aka sani su ne hujewar maƙoshi ko hanji, da zubar jini, da matsalar numfashi ko zuciya sakamakon maganin sa barci.

Alƙaluman da aka daɗe ana dogara da su sun fito ne daga binciken da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta yi a 1974, wanda Silvis da abokan aikinsa suka buga a 1976. A cikin leƙen tumbi 211,410, an ce an sami tangarɗa 1.3 a kowane dubu, mutuwa kuwa kimanin 1 cikin 25,000. Sai dai abin lura shi ne, takardar tambayoyi aka aika wa likitocin, bayan aiki ya wuce, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Wanda ya yi ɓarna da yawa yana iya yin shiru. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da Quine da abokan aikinsa suka bi leƙe 14,149 tun daga farkonsa a asibitoci 36 na Ingila, rahotonsu na 1995 ya nuna mutuwa 1 cikin 2,000 da tangarɗa 1 cikin 200 a leƙen gano cuta. Ba mu ce hanyar ƙirga kaɗai ta kawo wannan tazara ba, domin majiyyatan da yadda ake sa su barci sun bambanta. Amma tazarar ta fi ƙarfin a kau da kai.

Daɗin daɗawa, wata illar ba ta bayyana sai majiyyaci ya koma gida. A wani bincike da aka buga a 2010, Leffler da abokan aikinsa sun bi sawun majiyyatan wani asibiti a Boston har kwana 14 bayan leƙe. Sun tarar an komo sashen gaggawa sau 134 saboda aikin, alhali tangarɗa 31 kacal likitoci suka rubuta.

Wannan ba ya nufin a guji endoskofi, domin amfaninsa wajen gano gyambon ciki da sankara ya rinjayi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Abin da muke cewa shi ne, kafin a karɓi kowane adadi a tambaya: wa ya ƙirga, me ya kira tangarɗa, kuma kwana nawa ya bi majiyyaci? Wanda zai sa hannu a takardar amincewa da aiki, haƙƙinsa ne a gaya masa adadin da ya amsa waɗannan tambayoyi.