Gawar da Ta Daina Ba da Tsoro: Gardamar Masoya The Walking Dead

A watan Oktoba na 2003 kamfanin Image Comics da ke Amurka ya fitar da lamba ta farko ta wani labarin zane mai suna The Walking Dead. Baƙi da fari ne, babu launi ko ɗis. Robert Kirkman ne marubucin. Tony Moore ya zana lambobi shida na farko, daga ta bakwai kuma Charlie Adlard, mutumin Ingila, ya karɓi alƙalami, bai ajiye ba sai a lamba ta 193, a Yulin 2019. Shekara goma sha shida ke nan ba 'yan watanni, kusan kowane wata ana fitowa.

Duk labarin da ya daɗe haka, ba ya rasa masu cewa da can ya fi daɗi. Abin da ya ja hankalina a gardamar masoyan wannan shi ne, masu cewa ya lalace sun kasa haɗuwa a kan ranar da ya lalace ɗin. Wani zai ce daga lamba ta 48 ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wani ya ce a'a, ta 100 ce. Wani ya nuna ta 127, wani ta 175. Har akwai 'yan tsiraru masu taurin kai da suka tsaya a kan cewa tun da Tony Moore ya tafi ba su sake ganin zane mai rai ba. Idan mutum biyar suka nuna wurare biyar, kowa yana rantsuwa nan ne ginin ya tsage, sai ka fara zargin ko ba gini ɗaya suke kallo ba.

Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane. Irin wannan labari na gawawwaki masu tashi su ci naman rayayyu, George Romero ne ya kafa masa tubali da fim ɗinsa Night of the Living Dead a 1968, ya ƙara da Dawn of the Dead a 1978. Dokokinsa ba su da yawa: gawa ta tashi, tana tafiya a hankali, ba ta da wayo, in ta cije ka ka mutu ka zama irinta, kuma ba ta kwanciya sai an fasa mata kai. Fim ne na awa ɗaya da rabi ko biyu. Ana tara mutane kaɗan a gida ɗaya ko a katafaren kanti, a kewaye su, su yi ta faɗa a junansu, daga ƙarshe ko su mutu ko biyu su tsere a jirgi mai saukar ungulu. Kirkman ya ce abin da ke ba shi haushi da waɗannan fina-finai shi ne suna ƙarewa daidai lokacin da yake son sanin abin da ya biyo baya. Saboda haka ya ɗauki alkawarin yin labarin da ba zai tsaya a nan ba, zai bi mutum ɗaya shekara da shekaru. Mutumin shi ne Rick Grimes, ɗan sanda a garin Cynthiana na jihar Kentucky, wanda ya farfaɗo daga doguwar suma a asibiti ya tarar duniya ta kife.

Wannan alkawari shi ne ƙarfin labarin, kuma daga cikinsa duk ƙorafin ya tsiro.

Ban da 'yan tsirarun nan masu kewar Tony Moore, ba na jin akwai mai musu a kan lambobi arba'in da takwas na farko. Tun a ta shida Carl, ɗan Rick, yaro ƙarami, ya harbe Shane, aminin ubansa. Aka wuce gonar wani mai suna Hershel, aka samu mafaka a gidan yari, wurin da aka gina don tsare mutane a ciki ya koma wurin da ake roƙon Allah a shiga. A nan suka gano cewa ko ba a cije ka ba, in dai ka mutu sai ka tashi. A lamba ta 28 shugaban garin Woodbury, wanda ake kira Gwamna, ya datse wa Rick hannun dama. A ta 48 aka harbe matarsa Lori tana gudu rungume da jaririyarta, suka mutu tare. Mai karatu a lokacin ba ya buɗe shafi da kwanciyar hankali, domin ya ga marubucin ba ya jin kunyar kowa. Jarumin labarin ma an nakasa shi tun ba a yi nisa ba, abin da Kirkman da kansa ya ce daga baya ya jawo masa wahala wajen rubutu.

Ƙorafi na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne maimaici. A samu mafaka, a fara shuka da gyaran katanga, wani mugu ya bayyana, a gwabza, a rasa mutane, a sake sabon lale. Gona, gidan yari, sannan Alexandria kusa da Washington. Gwamna, sai maharba masu cin naman mutane, sai Negan, sai Alpha. Masu kare labarin suna cewa kowane mugu da irin tambayar da ya zo da ita, kuma akwai gaskiya a nan. Gwamna mahaukaci ne mai son ɓarna. Negan kuwa mai karɓar haraji ne: ku ba ni rabin abin da kuka samu, in bar ku da ranku. Ba kisa yake so ba, talakawa yake so. Amma duk da haka, wanda ya ce ya san inda za a je tun kafin a tashi bai yi ƙarya ba. Yaƙin da aka yi da Negan daga lamba ta 115 zuwa ta 126 ya fi na gidan yari girma da yawan mayaƙa, bai kai shi ciwo ba.

Na biyu shi ne yadda mutuwa ta koma hajar sayarwa. Lamba ta 100 ta fito a Yulin 2012, shaguna suka yi odar fiye da kwafi 380,000, adadin da littafin zane baƙi da fari na kamfanin da ba Marvel ba, ba DC ba, ba ya ko mafarkinsa. Kowa ya san za a kashe wani babba, domin lambar ta cika ɗari. Aka kuwa kashe Glenn, wanda yake cikin labarin tun lamba ta biyu, Negan ya farfasa masa kai da kulki mai naɗe da waya mai ƙaya, a gaban matarsa Maggie, shafi bayan shafi. Masu karatu da yawa sun ce a nan suka ajiye. Abin lura, ba munin zanen ne kaɗai ya kore su ba, don sun ga abin da ya kai wannan muni a gidan yari. Abin da ya dame su shi ne sun ji an shirya musu bikin. Mutuwar Lori ta zo musu kamar hatsarin mota, ta Glenn kuwa an sa mata rana.

Akwai kuma wani abu da ba a cika kawowa ba, alhali yana raba kan masu gardamar tun kafin su buɗe baki: yadda kowa ya karanta. Lamba ɗaya shafi ashirin da 'yan kai ce. Wanda yake saye duk wata zai iya jiran kwana talatin ya samu mutane suna tattaunawa a ɗaki, Rick ya yi dogon jawabi, a rufe da wata fuska mai mamaki a shafin ƙarshe. Wanda ya sayi kundi mai lambobi shida, ko babban kundin nan mai lambobi 48 a haɗe, zai wuce wannan wurin cikin minti goma ya ɗauke shi a matsayin numfashi kafin guguwa. Na farko zai ce ana jan labari, na biyu ya ce ana gina shi, kuma shafuka ɗaya suka karanta. Masu bin fina-finanmu masu dogon zango sun san wannan sarai: mai jiran mako-mako da mai zama ya kalli zango guda a dare ɗaya ba sa yanke hukunci iri ɗaya.

Sai kuma talabijin, wadda ta dagula lissafin gaba ɗaya. Tashar AMC ta fara nuna nata shirin a ranar 31 ga Oktoba 2010, ya kai masu kallo miliyan 17 a Amurka a farkon zango na biyar, sannan ya riƙa zubar da jama'a bayan an nuna kisan Glenn a 2016. Da yawa daga masu cewa labarin ya lalace shirin suke nufi, ko kuma gajiyar da shirin ya sa musu suke ɗora wa littafin. Alhali kuwa sun rabu tun da wuri. Daryl Dixon, gwarzon masu kallo, babu shi a littafi ko sau ɗaya. Andrea da aka kashe a zango na uku ta rayu a littafi har lamba ta 167, ta zama gwanar harbi kuma matar Rick. Carl da shirin ya kashe, shi ne ya rufe littafin.

Ni a ganina, hannun Kirkman bai mutu ba, na Adlard ma ƙara nuna ya yi. Tsoron ne ya ƙare, kuma dole ya ƙare. Gawar wannan labari abar tsoro ce ga wanda bai san ta ba. Ba ta gudu, ba ta dabara, ba ta koyon komai. Mutum kuwa yana koyo. In ka ce za ka bi mutanenka shekaru, kuma ba za ka mai da su wawaye ba, to za su gano cewa katanga tana tare ta, ƙara tana janye ta, wuƙa ta ishe ta. A lamba ta 127, bayan an tsallake kimanin shekara biyu, muka ga mahaya dawaki suna kora dubban gawawwaki suna karkatar da su daga gari kamar masu kiwo. Wani mai suna Eugene yana ƙera harsashi, ana niƙa hatsi, ana gasa burodi, ana shirin kasuwar baje koli tsakanin garuruwa. Negan yana kulle a ɗaki, domin Rick ya ƙi kashe shi, ya ce doka za a kafa. Wanda ya zo neman faɗuwar gaba, a nan zai ce an cuce shi. Amma wannan shi ne abin da aka yi masa alkawari tun farko: abin da ke biyo bayan ƙarshen fim. Abin da ke biyo baya kuwa noma ne, da shari'a, da rabon aiki, da gardamar wa zai yi shugabanci.

Kirkman ya san da wannan matsala, shaida kuwa ita ce Masu Raɗa, mutanen Alpha, waɗanda suke sa fatar gawa su saje da garke. Dabara ce ta mayar wa gawa haƙoranta: yanzu duk wadda ta tunkaro ka, ba ka sani ba ko tana riƙe da wuƙa. Ta yi aiki na ɗan lokaci. Shafukan lamba ta 144, inda aka jera kawuna goma sha biyu a kan sanduna don shata iyaka, har da na abokan Rick, Ezekiel da Rosita mai juna biyu, suna cikin mafi tayar da hankali a duk labarin. Saboda haka ban yarda da masu cewa komai bayan ta 100 shara ne ba. Daga ta 127 zuwa ta 144 littafin ya yi sabon jini.

Inda na ga rauni na gaske shi ne ƙarshe, kuma ba jan labari ne laifin ba, gaggawa ce. A lamba ta 175 aka shigo da Commonwealth, al'umma mai mutum kusan dubu hamsin a jihar Ohio ƙarƙashin Pamela Milton, inda ake ba kowa matsayi gwargwadon aikin da yake yi kafin duniya ta rushe. Lauya ya koma lauya da gidansa mai kyau, lebura ya koma lebura. Michonne, wadda muka sani da takobi, ta koma rigar lauya. Wannan ita ce tambaya mafi nauyi da labarin ya taɓa ɗaukowa: in an samu damar sake gina duniya, tsohuwar za a maido da duk rashin adalcinta? Gidan yari ya samu lambobi sama da talatin. Wannan bai kai ashirin ba, kuma yawancinsa jawabi ne. Ba mu zauna da talakawan wurin mun san su ba, sai aka ce mana sun fusata. Pamela ta sauka cikin sauƙin da ba a saba gani ga mai mulki ba. Sannan ɗanta Sebastian, sangartaccen yaro, ya shiga ɗakin Rick da dare ya harbe shi a kan gado. Kisan kansa ya dace, mutumin da ya gagari Gwamna da Negan ya faɗi a hannun wanda bai kai a kalle shi ba. Hanyar da aka bi aka iso nan ce aka gajarce.

Lamba ta 193 ta zo babu sanarwa. Kamfanin har ya tallata lambobi na 194 da 195 da bangonsu, alhali babu su, don kada shaguna da masu karatu su farga. A bayanin da ya rubuta a ƙarshenta, Kirkman ya faɗi cewa ya taɓa shirya rufe labarin tun a zamanin Alexandria, da mummunan ƙarshe: a nuna gunkin Rick, sannan a ja baya a ga gawawwaki ne kaɗai ke yawo a gindinsa. Masu cewa da ya tsaya a nan da ya fi, suna da hujja daga bakin mai shi. Sai dai da ya yi hakan, fim ɗin Romero ya sake yi, mai tsawo kawai.

Abin da ya zaɓa a maimako ya fi kusa da amsa ga masu ƙorafin. An tsallake shekaru masu yawa, Carl ya girma, ya auri Sophia, suna da 'ya. Gawawwaki sun yi ƙaranci har wani Hershel ɗin, ɗan Glenn da Maggie, yana yawo da 'yan kaɗan a keken doki gari-gari, mutane suna biyan kuɗi su kalla. Ɗaya ta kuɓuce ta shiga gonar Carl, ya sare ta, aka kai shi kotu bisa laifin lalata dukiyar wani. Marubucin da ya shekara goma sha shida yana sayar da gawa ga jama'a ya ƙare da zana mai sayar da kallon gawa, ga 'yan kallon da ba su san tsoronta ba. Michonne, wadda ta zama babbar alƙaliya, ta wanke Carl, ta kuma haramta sana'ar.