Ubangida, bara da kamfani: sharhi kan littafin Les Alhazai de Maradi

Littafin Emmanuel Grégoire, wanda ya fito a 1986, ya bi diddigin yadda manyan ƴan kasuwar Maraɗi suka taso: daga cinikin gujiya a ƙarƙashin kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, zuwa safarar kaya Nijeriya bayan farin da ya karya noman gujiya a farkon shekarun 1970. Aikin yana da inganci, kuma ba ma jayayya da tarihin da ya kawo. Abin da muke son dubawa a nan shi ne kalmomi biyu da nazarin ya dogara a kansu, wato ubangida da bara.

Idan aka fassara su da patron da client, mai karatu da Faransanci zai ɗauka cewa wata tsohuwar al'ada ce ta Hausawa wadda ta rayu a gefen kasuwar zamani. A ganinmu, wannan fahimta ba ta cika ba. A Hausa, ubangida shi ne wanda yake ba da jari, yake tsaya wa mutum in ya shiga matsala, kuma yake da ikon janye duka biyun. To, ai haka kamfani ya yi: yana ba ɗan kasuwa kuɗi kafin kaka, shi kuma ya tara masa gujiya daga ƙauyuka. Alhajin da yake ubangida a gidansa, bara ne a ƙofar kanti.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA da Copro-Niger a 1962. SONARA ce kaɗai ke da ikon fitar da gujiya waje, kuma sai da amincewarta ɗan kasuwa ke zama mai saye. Tun da jam'iyya ɗaya ce ke mulki, wato PPN-RDA, wannan amincewa ba ta rabuwa da biyayya. Ubangida ya sauya, dangantakar ba ta sauya ba.

Saboda haka muna ganin ya kamata masu nazari su daina keɓe waɗannan kalmomi ga babin al'ada. Kalmomin siyasa ne. Wanda ya riƙe jari da izinin saye yana mulki, ko da sunansa kamfani ne.